Takardar da Ban Miƙa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin dalbejiyar nan
ta ƙofar ofishin sufurefe a Garwa,
da teburina mai gajeriyar ƙafa ɗaya,
ina juya kukan mutane zuwa Faransanci.
Kowace takarda da durƙuso take farawa:
ina roƙon alfarmar mai girma,
ina mai ƙasƙantar da kai.
Hannuna ya haddace, ko ina gyangyaɗi zai rubuta.

Sai ga Ilyasu, ɗan ƙanwata, daga Amurka,
damina tara yana jan babbar mota a can.
Ya zauna a bencina, ya leƙa abin da nake rubutawa,
ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ya ce, Kawu, maƙwabcina wani tsoho ne mai gyaran rufi.
Ka ce masa gwamnati, sai ya taɓe baki
kamar ka ambaci ɗan ƙodagon da ya biya tun asuba,
ga rana ta take, bai gama kunya ɗaya ba.
Ni nake biyan ta, in ji shi, a kan me zan durƙusa?
Ba ya so ta san nauyin aljihunsa,
ba ya so ta nuna masa inda zai kafa shinge.
Wai da gangan kakanninsu suka raba ta gida uku,
mahauta uku a kan sa ɗaya,
kowa idonsa na kan wuƙar ɗan'uwansa.

Na ce, ashe maƙiyin ƙasarsa ne.
Ya ce, ina! Tuta na ƙofarsa, da hannunsa yake wanke ta.
A rera taken ƙasa, hula a ƙirji, ido ya kawo ruwa.
Ƙasar yake so.
Masu riƙe mata linzami ne bai yarda da su ba.
Ranar zaɓe shi ne farkon layi, da sandarsa, cikin sanyi,
har masu kula da makarantar unguwa sai ya tantance.

Na ce, to ai kun huta.
Ilyasu ya naɗe hannun riga, ya nuna mini tabo.
Karayar nan, Kawu, kuɗin ɗorinta ya fi gidanka da filinsa.
Da na koka, tsohon ya ce kowa ya ɗauki kayansa.
Amma da guguwa ta yaye rufin mai gyaran rufi
na gan shi a layin tallafi,
yana zagin tsawon layin.

Daren nan na daɗe a bakin Binuwai.
Mu da muke ce mata uwa, muke ce mata uba,
uban da ba mu san fuskarsa ba sai hatiminsa.
Su sun ɗauke ta bara, suna ƙirga mata loma.
Ban san wanda ya fi wani barci ba.

Da safe Talatuwa mai kifi ta zo.
Kwatar kasuwa ta toshe tun watan jiya,
ruwan yana shiga har ƙarƙashin faranti,
ga mai tikiti bai taɓa fashi ba.
Na danna biro, na rubuta:
Kullum muna biya. Ku zo ku gyara.
Layi biyu. Na karanta mata.

Ta waiga wajen jandarman ƙofa,
ta rage murya.
Malam Sambo, ina gaisuwar? Ina roƙon?
So kake a kunna shayi da ita?

Na zaro sabuwar takarda,
hannu ya koma hanyar da ya sani.
Ta biya ɗari biyar, ta shiga da durƙusonta.

Ta farkon ban yaga ba.
Na ninke ta huɗu,
na cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar tebur.
Tun ranar, in na jingina, ba ya girgiɗi.